Boksin Ungozoma Muhsina

Assalamu alaikum, mutanen wannan zaure. Wadda ta rubuto ta ce namiji mai shekara arba'in da bakwai ba shi da abin faɗa a labarin soyayya, na gani. Ki zauna ki karanta, ba na korar kowa.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Maliki, Usta Maliki ake ce mini, don haka muke kiran bakanike a nan. Garejina yana bakin titin da ya fito daga ƙauyenmu, Hillar Jibo, ya nufi Sinja. Ba na taɓa wayar wuta, ba na taɓa fenti. Giya da kuloci kawai nake yi, shekara ashirin da shida ke nan. Matata Asma'u ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ɗiyarmu guda tana aure a Madani. Yayata Dije ce ke aiko mini da abinci, kuma kowane kwano da wa'azinsa yake zuwa. Kisra, wainar dawarmu, da miyar kuɓewa, a yi aure. Shayi da madara, a yi aure. Ran nan ko gyaɗa ta aiko, sai da ɗan saƙon ya biyo baya.

Ita kuwa wadda ake magana a kanta, Muhsina ce, ungozomar yankinmu. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar boksi, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke ɗaukar auduga da mutane da awaki. Kowa ya zaci za ta sayar. Sai ta koyi tuƙi. Daga nan har ƙauyukan bakin kogi babu wata mace mai jan mota sai ita, kuma rabin yaran da ke jifar karnuka a titi a hannunta suka faɗo. Gajera ce, ba ta ɗaga murya, in ta kalle ka sai ka tuna ba ka wanke hannu ba.

Ranar da ta fara zuwa, wata Laraba ce da hantsi. Tun kafin motar ta tsaya na ji kukan giya, ƙarrr, kamar ana yanka kwano da zarto. Ta sauko sanye da tob mai ruwan zuma, irin lulluɓin matanmu, ƙamshin turaren wuta ya danne warin baƙin mai na garejin gaba ɗaya. Ni kuma ina cikin wandon aikin da ko Dije ta daina karɓar wankinsa.

"Usta, motar nan tana zagina a gaban mutane."

"Wace giya?"

"Ta ɗaya da ta baya. In na matsa mata ta shiga, sai motar ta fara rarrafe, alhali ƙafata tana kan kuloci."

"Kullum?"

"A'a. Wata rana lafiya lau, wata rana kamar an aiko ta."

Bari in koya muku abu ɗaya kyauta, ko da ba ku tambaya ba. In kuka taka totur inji ya yi ihu mota ba ta gudu, kuna jin ƙauri, faifan kuloci ne ya cinye, yana sulɓewa. Wannan ko makaho ya san shi. Amma in giya tana kuka lokacin shiga, musamman ta ɗaya da ta baya, to kuloci ne bai saki inji duka ba. Ku kashe mota ku gwada. In giya ta shiga sumul a kashe, ta ƙi a kunne, kada wani ɓarawon bakanike ya ce muku akwatin giya ne. Ciwon yana tsakanin ƙafar direba da faifai.

Na karɓi makulli na shiga. Kujerar tana manne da sitiyari, na ja ta baya. Na taka kuloci har ƙasa, na sa ta ɗaya, ta shige kamar cokali a cikin kunu. Na sa ta baya, shiru. Na yi titi har gadar babban magudanar ruwa na dawo, ko tari motar ba ta yi ba.

Yanzu wani mai wayo a cikinku zai ce, to me ya hana ka zauna kusa da ita ta tuƙa ka gani? Kai ba ɗan garinmu ba ne. A nan mata da maza da tumaki su cika bayan boksi har wani ya zauna a cinyar wani, babu mai cewa komai. Amma gaba, inda akwai ƙofa da gilashi, wannan ɗaki ne. Namiji ba ya shiga ɗaki da bazawara. Da na yi haka, kafin mu kai gada an ɗaura mana aure a bakin mutane, an raɗa wa ɗan fari suna.

Saboda haka na yi abin da ake yi. Na duba man kuloci, na fitar da iskar da ke cikin bututu, na ɗan daidaita sandar feda. Na ce ta je.

Bayan kwana tara ta dawo, da tob shuɗi mai ɗigon fari, da kukan giya tun daga kwana. Na canza robobin famfon kuloci na sama da na ƙasa, duk da cewa tsofaffin ba su yi mini laifin komai ba. Na gwada, lafiya. Zuwa na uku na kwana biyu a ƙarƙashin motar, na sauke akwatin giya gaba ɗaya. Faifai bai lanƙwashe ba, boris yana juyawa shiru, cokalin da ke tura shi garau. Na mayar da komai ina jin kunyar kaina.

Daura da garejina akwai rumfar Sawsan mai shayi, inda direbobi da manoman da ruwa bai zo gonarsu ba suke zama suna gyara duniya. A nan aka gano ciwon motar kafin ni.

"Usta, mota ta zo asibiti sau uku, likita ya ce lafiyarta ƙalau," in ji wani direban lori. "To wa ke ciwo?"

"Sha shayinka."

Sawsan tana fifita gawayi ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni dai na ga masu kawo mota gyara da yawa. Ban taɓa ganin wadda ta yi turaren wuta don ta zo wurin baƙin mai ba."

Maganar ta shiga gari. Da la'asar sai ga Dije da kanta, ba aike ba. Ta zauna a kan gadon igiyar da nake hutawa a rumfa, ta gyara lulluɓi, ta dube ni kamar tunkiyar da za ta kai kasuwa.

"Maliki, kai wane irin dutse ne? Mace ta zo har sau ukku, mi kake so ta yi? Ta ɗauko liman a bayan boksi?"

"Yaya, mota ta kawo."

"Ka ga ciwo a motar?"

"Ban gani ba."

"To. Shekara ashirin da shida kana kwance ƙarƙashin ƙarfe, an taɓa kawo maka ciwon da ya ɓuya maka?"

"Ba a taɓa ba."

"Halas, shi ke nan. Matan gari duk sun gane, har waɗanda ba su san gaban mota da bayanta ba. Kawunta Alhaji Usmanu mutumin kirki ne. In ka ce to, Juma'a mai zuwa dattawa su tahi."

Ga abin da ban gaya wa Dije ba, ban gaya wa kowa ba sai ku. Ranar da na sauke akwatin giyar, na juye mansa a kwano na kai rana. Yana ƙyalli. Garin ƙarfe ne a ciki, kamar an barbaɗa. Haƙoran giyar baya kuwa bakinsu ya fara daƙushewa. Mace tana iya yin ƙaryar ciwon mota, amma ba ta iya shiga cikin akwati ta gwagwiyi ƙarfe. Ciwon gaskiya ne. Wata rana giyar za ta watse mata a tsakiyar gonakin dawa, wata baiwar Allah tana naƙuda tana jiran ta.

Na san haka. Amma na zubar da man, na wanke kwanon, na je na sayi sabulu mai ƙamshi. Na kai jallabiyata fara wurin guga. Na rage gemu. Mutumin da ya yi shekara huɗu ba wanda ya dube shi sai don ya tambayi kuɗin faifai, in aka ce masa ana yin turare dominsa, to ko garin ƙarfe ya gani sai ya ce ƙila hasken rana ne.

Ranar Lahadi da safe wayata ta yi ƙara. Saƙon Muhsina ne.

"Salam Usta. Ta sake. Alhamis a Sinja sai da wasu samari suka tura ni baya, ta ƙi shiga sam."

Na rubuta, "Kawo ta." Na goge. Na rubuta, "Ina fatan kina lafiya ke da iyali." Na tuna iyalin ita kaɗai ce da uwarta. Na goge. A ƙarshe na aika, "Kawo ta."

"In ba za ka iya ba ka faɗa mini. An ce akwai wani a Sinja."

Wannan saƙon ya fi mari zafi. Ku zagi gemuna, ku zagi wandona, amma kada a ce akwai wani a Sinja. Na ajiye sabulu gefe na yi tunani irin na aiki. Abu ɗaya ne ban gwada ba, shi ne motar da direbarta a ciki. Na rubuta mata, "Gobe ke za ki tuƙa ina gani. Yaya Dije za ta zauna tsakani."

Dije ta zo kamar mai zuwa ɗaurin aure, da tob ɗinta mai zaren zinariya da awarwaro har gwiwar hannu, da ledar dabino. Muhsina ta iso da kukan giyarta, ta sauko ta gaishe ta har da rusunawa.

"Ina kwana, Yaya Dije. An wahalar da ke."

"Wace wahala, ƙanwata? Ai mu da ke yanzu..." Na taka wa Dije ƙafa. Ta ce, "Ai mu da ke maƙwabta ne."

Muka shiga. Dije mace ce mai jiki, Allah ya ba ta. Ta zauna tsakiya, sandar giya tana tsakanin gwiwoyinta, ni kuma na manne da ƙofa rabin kafaɗata a waje. A rumfar Sawsan babu wanda ya ci gaba da shan shayi. Har wanda ke alwala ya tsaya da buta a hannu.

Na leƙa ta gaban cikin Dije ina kallon feda. Muhsina ta ja kujera gaba, ta yi bisimilla. Sai ta sa hannu ƙasa ta zare takalmanta. Ban taɓa lura da su ba, don ni ba na kallon ƙafar matan mutane. Takalma ne baƙaƙe masu tudu, tudun ya kai kaurin bulo, da ɗan ƙarfe mai ƙyalli a sama. Ta sa tafin ƙafa ta tura su gaba, can lungu, don kada su dame ta. Ɗaya ya kwanta a gefe. Ɗayan ya shige daidai ƙarƙashin fedar kuloci ya zauna daram.

Ta taka kuloci. Feda ta sauka ta tsaya a kan takalmi, saura yatsa biyu ta kai ƙasa. Ta ja giya. Ƙarrr.

"Ka ji ko, Usta?"

Na ji. Na kuma ga wata uku na rayuwata. Duk ranar da ta kawo motar, sai ta tsaya, ta jawo takalmanta ta sa, ta sauko, ta miƙo mini makulli. Ciwon yana fita daga motar a ƙafarta, ya tsaya kusa da ni yana kallona ina kwance ƙarfen da bai yi laifi ba.

Dije ba ta san kuloci ba, amma ta san fuskata tun ina tsumma. Ta bi idona ta ga takalmin, ta ga yadda na buɗe baki. Sai na ji farce ya shiga cinyata. Ta matso da bakinta kunnena, warin dabino yana dukana.

"Rufe bakinka. Ka ce sai an kwana biyu ana dubawa."

Wallahi na so in bi maganarta. Da na ce wani ƙaramin ƙarfe ne sai an aiko daga Khartum, da na samu zuwa biyu ko uku nan gaba, da turarensu. Na buɗe baki don in faɗi hakan. Abin da ya fito shi ne:

"Ungozoma, fitar da takalmin nan daga ƙarƙashin feda."

Ta dube ni, ta duba ƙasa. Ta sunkuya ta jawo shi ta riƙe a hannu.

"Taka har ƙasa. Sa ta ɗaya."

Ta shige ba sauti.

"Sa ta baya."

Shiru. Ta sake, ta sake, har sau huɗu. Dije ta saki cinyata ta jingina, ta ce a hankali, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Muhsina ta ɗora takalman a kan cinyar Dije ta ja mota muka hau titi. Mun wuce makarantar 'yan mata, mun wuce injin niƙa. Can Muhsina ta ce, "Ranar aiki silifas nake sawa, da su nake tuƙi. Shi ya sa."

"Shi ya sa," na ce.

"Sau uku ka buɗe mini mota, Usta."

"Sau uku. Da na ga ƙafarki tun ranar farko, da minti ɗaya ya isa."

"To me ya hana?"

"Garinmu ya hana."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. A nan ne Dije, wadda Allah bai halicce ta da birki ba, ta ga abin yana zamewa ta ce bari ta kama da hannu biyu.

"Ƙanwata, bar zancen ƙarfe. Mu dai abin da munka gani, mace ba ta zuwa wuri sau huɗu da kwalliya don mota. Gari duk ya san da maganar, kuma wallahi ba wanda ya ga laihinki. Maliki ba ya shan taba, ba ya yawo, bakinsa ne kawai..."

Muhsina ta taka birki a gefen magudanar ruwa. Ba da ƙarfi ba. Ta kashe mota, ta juyo.

"Gari ya san da wace magana, Yaya?"

Dije ta fara gyara awarwaro.

"Usta, kai nake tambaya. Kai ma haka ka zata?"

Ina iya cewa a'a. Amma ga jallabiya mai guga a jikina ranar Litinin, ga gemu an daidaita, ga ƙamshin sabulu ya cika motar.

"Na ga garin ƙarfe a man giyarki tun zuwa na uku," na ce. "Na san motar tana da ciwo. Amma na fi son maganar gari, sai na yi shiru. Wannan laifina ne, ba na Yaya ba. Ki canza man nan bayan wata ɗaya, giyar baya za ta kai ki shekaru in kin daina ba ta takalmi."

Ta daɗe tana kallon ruwan magudana. Wani mutum a kan jaki ya wuce yana waiwayen mu har ya kusa faɗowa.

Ya kamata in tsaya a nan. Amma kai na bakanike ba ya barin lissafi a rabi. Ranar aiki silifas. Motar kuwa tana kuka duk ranar da za ta zo wurina, kuma tana kuka ranar Alhamis a Sinja. Tun kafin ta san ƙofar garejina take kuka, in ba haka ba me zai kawo ta?

"Ungozoma, tambaya ɗaya. Ranar zuwa gareji kina sa su. Ranar Alhamis ma kina sa su. Wa ake sa wa?"

Dije ta rufe fuska da gefen tob. "Innalillahi. Uwarmu dai ba haka ta haife shi ba, faɗuwa ya yi yana yaro."

Muhsina ta tayar da mota, ta juya da giyar baya a kan ɗan siririn bakin magudana, juyin da direbobin lori da yawa ba za su iya ba, ta mayar da mu gareji. Ta ce wa Dije ta gaida gida. Ni ta ce mini, "Na gode, Usta," irin godiyar da ake yi wa mai ba da canji.

Na tsaya a bakin titi ina sauraro. Ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku can wajen injin niƙa. Ko ƙis. Ban taɓa gyaran da ya yi kyau kamar wannan ba, ko sifana ban ɗauka ba, kuma shi ne gyaran da ya raba ni da ita.

Daga rumfar Sawsan aka ce, "Usta, an samu ciwon?"

"An samu."

"Na mota ko na mai mota?"

"Na bakanike," na ce, na shige ciki.

Dije ta yanke mini abinci. Talata da Laraba sai wake da burodi na saya a bakin titi. Ta aiko jikarta ta karɓe kwanoninta kaf, har da murfin da ya fashe. Jallabiyar na ninke ta na mayar cikin akwati, na koma wandona. Na duba wayar nan ya fi sau hamsin, har na zargi batir.

Yau Alhamis, bayan la'asar, ina ƙarƙashin wata motar haya ina ɗaure akwatin giya, wayar ta yi ƙara a aljihu. Na fito da hannu duk mai, na goge a ƙirji.

"Salam Usta. Na je Sinja na dawo, ba ta yi kuka ba. Da silifas na je."

Ina cikin karantawa wani saƙon ya shigo.

"Amsar tambayarka tana wurin kawuna Alhaji Usmanu. Ya ce ka zo gobe bayan Juma'a. Ka zo da Yaya Dije, amma ka roƙe ta ta bar ka ka yi magana. Mutum biyu ya kira."

Na zauna a ƙasa. Na rubuta, "Waye na biyun?"

Alamar ta nuna ta karanta. Ta fara rubutu, ta daina. Ta sake farawa. Mai motar haya yana tsaye a kaina yana cewa fasinjojinsa na jira, na ce masa su sauka su tura. Sai saƙon ya shigo.

"Wani ne a Sinja, shi ya sayo mini takalmin. Kai ne ka ce in cire. Kawu zai ji ta bakin kowa."